Kwana biyar a Las Vegas da dattijuwar da na tsaya kallo

Shekaranjiya na dawo daga Las Vegas, har yanzu baccina bai koma daidai ba. Baje kolin kayan fasaha na CES da ake yi duk watan Janairu ne ya kai ni, amma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai wani abu ne daban.

Tun a filin jirgin da muka fara sauka a Amurka wani jami'i ya ɓata min rai, ya juya fasfo ɗina ya fi sau biyar yana tambaya ɗaya, ko kallon fuskata bai yi ba, daga ƙarshe ya wurgo min shi kan tebur. Na haɗiye na wuce. Da muka iso filin jirgin Harry Reid kuwa, tun kafin ka ɗauki jakarka injinan caca ne jere suna ƙyalƙyali, mutane zaune suna dannawa kamar masu cire kuɗi a ATM. Jihar Nevada ta halatta caca tun 1931, su a wurinsu sana'a ce kamar yadda muke da Kantin Kwari.

Otal ɗin ma sai ka ratsa ta tsakiyar gidan caca kafin ka kai lifta, babu agogo babu taga, ba ka sanin ko azahar ta yi. A nan na ga wata dattijuwa Ba'amurkiya, za ta kai saba'in, tana gaban injin karta da suke kira video poker da wata 'yar takarda a hannunta. Ni ba na caca, haramun ce kuma ban taɓa inji ko ɗaya ba, amma na tsaya kallo, ita kuma da ta lura sai ta jawo min kujera ta fara min bayani kamar ɗanta.

Wasan sunansa Jacks or Better. Inji zai ba ka karta biyar cikin 52, ka zaɓi waɗanda za ka riƙe ka zubar da sauran ya canza maka, sau ɗaya tak. Duk dabarar tana wurin zaɓin nan. Ta ce idan kana da ƙananan karta biyu iri ɗaya, misali shida da shida, ga kuma As guda, to shida biyun za ka riƙe ka jefar da As ɗin duk girmansa, kuma kada ka yarda ka haɗa shi da su don kwaɗayi, rage maka dama yake yi. Idan huɗu ne masu alama ɗaya sun fi ƙananan biyun, amma Sarki biyu ko Jak biyu sun fi su. Na tuna yadda muke buga Whot a ƙofar gida da hayaniya da cika baki, nan kuwa shiru, lissafi kawai.

Ina zaune sai inji ya ba ta 10, Jak, Sarauniya, Sarki da 4, duk masu alamar zuciya. Ta riga ta ci fa, tunda inji yana biyan karta biyar masu alama ɗaya, dala 7.50 a kan dala 1.25 da ta zuba. Sai na ga ta zubar da 4 ɗin! Na ce mata Mama me ya sa? Ta ce As mai zuciya take nema, idan ya fito ya zama royal flush, wato jerin 10 zuwa As masu alama ɗaya, dala 1,000 ke nan, kuma duk da karta ɗaya ce cikin 47 da suka rage lissafi ya nuna zubarwar ta fi. Ta danna, wani baƙin 7 ya fito, ta tashi a tutar babu. Ko gezau, ta ce daidai ta yi, gobe ma haka za ta yi.

Ita da bakinta ta nuna min jadawalin da ke saman allon, ta ce inji mafi kyau shi ne mai biyan 9 da 6, wato ninki 9 idan ka haɗa uku iri ɗaya da wasu biyu iri ɗaya, ninki 6 kuma idan biyar ɗin alamarsu ɗaya, idan ka buga ba kuskure ko ɗaya yana mayar da kashi 99.54 cikin ɗari na kuɗin da aka zuba, mai 8 da 5 kuma wajen 97.3. Wato ko gwanin gwanaye a ƙarshe inji ne ke cin sa, a hankali dai. Royal flush ɗin ma kusan sau ɗaya yake zuwa a wasa 40,000. Tausayinta ya kama ni sosai, mace mai kaifin ƙwaƙwalwa haka ita kaɗai ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a gidanmu da jikoki ne zagaye da ita.

Tsada kuwa ba a magana. Bayan kuɗin ɗaki akwai wani ƙarin da suke kira resort fee, sama da dala arba'in kowane dare, sannan duk wanda ya miƙo maka abu yana jiran ihsani. Allah ya haɗa ni da wani direban tasi Bahaushen Gana ɗan zangon Kumasi, yana jin ina waya da Hausa ya juyo ya ce ɗan'uwa daga ina? Shi ya kai ni masallaci ranar Juma'a, matarsa ta dafa mana wake da shinkafa, ya kuma ƙi karɓar ko sisi.

Ranar ƙarshe mun leƙa madatsar ruwa ta Hoover, iska busasshiya kamar hunturun Kano. Da daddare na bi ta wurin injin nan da jakata, wani ne daban a kujerar.