Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Na Sake Hawa Keke

A makon da ya gabata na tsaya ne a inda na bar masaukin ɗalibai na kama hayar ɗaki a birnin Cottbus na ƙasar Jamus, a gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Waɗanda suka faro wannan labari tare da ni za su tuna abin da na faɗa a kashi na 4, yadda wata tifa ta ture ni daga kan keken mahaifina a kusa da Ƙofar Wunti a nan Bauchi, ina ɗan shekara 13, na ɗauko masarar da aka aike ni in kai niƙa, na faɗa kwata hannuna na hagu ya karye. Mai ɗori ya yi aikinsa, hannu ya warke cikin wata biyu, amma tun daga ranar ban sake ɗora ƙafa a kan feda ba har tsawon shekara 15, domin duk sa'ad da na ji rurin babbar mota a bayana sai jikina ya ɗauki ɓari, ko da kuwa a ƙasa nake tafiya.

Dattijon ya daɗe yana lura da cewa duk ɗaliban da ke zirga-zirga a unguwar a kan keke suke, ni kaɗai nake takawa zuwa jami'a da ƙafa. Wata ranar Juma'a cikin watan Yuni, bayan na dawo daga masallaci, sai na tarar ya fito da keken marigayiya matarsa daga ɗakin ajiya, ya goge shi, ya zuba wa sarƙar mai, yana ba tayar iska. Ya ce gobe in shirya za mu shiga daji. Ban ɓoye masa komai ba, na ba shi labarin tifar nan tun daga tushe, na nuna masa inda ƙashin ya haɗe. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce: "Inda zan kai ka, babu motar da za ta biyo bayanka."

Da sassafe muka hau jirgin ƙasa zuwa garin Lübbenau, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, kowanne keke da nasa tikitin, a taragon da aka keɓe domin kekuna. Wannan gari shi ne babbar mashigar yankin da ake kira Spreewald, wato dajin kogin Spree, kimanin kilomita 100 kudu maso gabas da Balin, babban birnin ƙasar. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, ba ta da gangare, saboda haka da kogin ya iso sai ya rasa hanya guda da zai bi, ya rarrabu zuwa ɗaruruwan ƙananan rafuka, mutane kuma suka ƙara haƙa nasu magudanan domin noma da sufuri, har wurin ya zama kamar komar masunci da aka shimfiɗa a cikin kurmi. A shekarar 1991 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin yankunan da ake kare halittunsu tare da barin mazauna su ci gaba da rayuwarsu. Asalin mazaunan wata ƙabila ce mai suna Sorb, masu harshensu na daban da Jamusanci, shi ya sa allunan sunayen garuruwa suke ɗauke da harshe biyu.

Mun tura kekunanmu da hannu har muka fita daga gari, domin dattijon bai yarda in hau a inda mota ke wucewa ba. Sai da muka kai bakin wata siririyar hanya da ta nufi ƙauyen Leipe ya tsaya ya ce in hau. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, ruwa na kwance a gefenta, dogayen itatuwa masu farin ɓawo sun jeru dama da hagu, rassansu sun haɗe a sama har rana ba ta sauka sai ɗigo-ɗigo. Na hau keken yana ta kaɗawa da ni, na riƙe birki kamar zan tsinke wayar, kuma kowane taku goma sai na waiga. Na yi ta waige-waigen nan har ban san adadi ba, ban ga komai a bayana ba sai ganye da ruwa, da wata tsohuwa mai furfura da ta kaɗa mini ƙararrawa sau ɗaya, ta gaishe ni, ta wuce da kwandon kayan miya a gaban kekenta.

Ba zan iya nuna daidai inda tsoron ya sake ni ba. Abin da na sani shi ne akwai lokacin da na farga cewa kunnena ya daina neman ƙarar inji, ya koma jin kukan tsuntsaye da sautin taya a kan tsakuwa, kafaɗuna da suka ɗaure tun safe suka sauka, hannun nan na hagu ya sassauta riƙo. Ƙwalla ta cika mini ido, na yi ta hamdala a zuciyata. Dattijon yana gabana bai ko juyo ba, na kuma tabbata da gangan ya ƙi juyowa, domin ya bar ni da abin da ke raina. Har yau ina yi masa fatan alheri saboda wannan kawaici.

A Leipe ya gaya mini cewa kafin a yi wannan hanya a shekarun 1930, mutanen ƙauyen ba su da mafita sai ta kwalekwale, in kuma hunturu ya yi tsanani ruwa ya daskare sai su bi ta kan ƙanƙara. Har yanzu ana amfani da kwalekwalen a wurin. Masu tuƙa shi suna tsaye ne a baya da doguwar sanda suna dogara ƙasan ruwa, tamkar masu fito a kogin Gongola wajen Dindima. Saboda su ne aka ɗaga gadojin katako sama ƙwarai, mai keke kuwa dole ya sauka ya cicciɓi kekensa ya hau matakala ya sauko, kuma wannan ce wahalar tafiyar da ba na mantawa. A wasu mahaɗu akwai ƙofofin ruwa da ake buɗewa da hannu domin a daidaita tsayin ruwa kwalekwale ya wuce, yara na tsaye suna buɗewa suna rera 'yan baituka, fasinjoji na ajiye musu 'yan kuɗi. A saman wani dogon turke kuma na ga sheƙar wasu fararen tsuntsaye dangin shamuwa, waɗanda dattijon ya ce in sanyi ya gabato Afirka suke tafiya. Na tsaya na daɗe ina kallonsu kamar na haɗu da 'yan garinmu.

Alamar da muke bi a kowace mararraba hoton kokwamba ce a kan keke. Yankin ya shahara da noman kokwamba da jiƙa ta cikin ruwan tsami da kayan ƙamshi, don haka aka raɗa wa babbar hanyar kekunan sunan Hanyar Kokwamba, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 260, ta kewaye ta Lübben da Burg da tafkunan kifi na Peitz har cikin Cottbus. Gaskiya ba dukkanta ce ta rabu da mota ba, akwai inda take ratsa titunan ƙauyuka, amma a tsakiyar dajin ba ka haɗuwa da kowa sai mai keke da mai ƙafa. A Burg muka yada zango, na sallaci Azahar a kan ciyawa a bakin rafi, muka ci burodi da kokwambar, wadda tsaminta ya yi mini yawa a farko. Sauron wurin kuwa ya fi na Yelwa a tsakiyar damina, sai dai ba ya sa maleriya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin mutanen da na gani a hanyar. Na ga uwa tana jan jariri a 'yar amalanke a bayan kekenta, na ga yaro ɗan shekara 5 yana tuƙa nasa shi kaɗai, na ga tsofaffi mata da miji ɗauke da jakunkuna, sun yi kwanaki suna tafiya suna kwana a gidajen baƙi na ƙauyuka, masu gidajen da masu ba da hayar keke da masu gyara duk suna cin abinci daga wannan zirga-zirga. Sai na tuna Baba da Raleigh ɗinsa da ya riƙa zuwa Liman Katagum cin kasuwa a kai, yana maƙale a bakin kwalta, in babbar mota ta taho ya gangara cikin ƙura ya jira ta wuce. A wurinmu ana ganin keke alamar rashi ne, wanda ya samu hali sai ya koma babur, kuma a ganina babban dalili shi ne ba mu taɓa ware wa mai keke ko taku ɗaya na hanya da zai ce nasa ne ba. Yanzu duk lokacin da na tsallaka layin dogon da ya ratsa Bauchi, wanda ya isa Maiduguri a 1964, na ga filin da ke kwance a gefensa, ko na bi hanyar madatsar ruwa ta Gubi, sai in riƙa auna faɗin tabarma biyun nan da ido.

Da la'asar muka juyo, muka biya ta ƙauyen Lehde, inda daga watan Afrilu zuwa Oktoba ake raba wasiƙu gida-gida da kwalekwale mai launin rawaya. A bakin wani magudani dattijon ya tsaya ya nuna mini ruwan, ya ce kaso mai yawa na abin da ke gudana a nan daga ramukan haƙar kwal na kudu ake tsotso shi ana zubawa a kogin, kuma ranar da aka rufe ma'adinan kogin zai ragu. Tun da ilimin muhalli na je karanta, maganar ta zauna mini, kuma daga ita ce batun binciken digirina ya fito.

A daren nan rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe 9, don haka sai da na yi Magariba na kira gida. Na ce: "Baba, yau na hau keke." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sa'an nan ya ce: "Auta, a kan titi?" Na ce a'a, a wata hanya ce da mota ba ta bi. Ya ce in sake faɗa, na sake faɗa, sai na ji yana kiran Inna ta zo ta ji da kunnenta.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda na fara zuwa bakin ramukan kwal ɗin ɗibar ruwan gwaji, a kan wannan keke da dattijon ya bar mini.