Godiya bayan zaɓen fidda gwani

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Ƙura ta lafa, na rama barci, yanzu zan iya zama in yi godiya.

Kamar yadda kuka ji, ban samu tikitin jam'iyya na takarar majalisar lardin Manitoba da ke Kanada ba. Wadda ta kayar da ni ta fi ni jama'a, kuma a daren na buga mata waya na yi mata barka. Allah bai nufa ba.

Daga gida an yi ta tambayata: likita, me ya kai ka siyasa? A Kanada ragamar asibitoci tana hannun lardi. Mutum 57 ɗin da ke zama a majalisar lardin da ke birnin Winnipeg su ke amincewa da kuɗin da zai sa sashen gaggawa na ƙaramin gari ya kwana a buɗe ko a kulle. Na daɗe ina aiki a irin garin nan. Na karɓi manomin da ya tuƙo kansa tafiya mai nisa cikin dusar ƙanƙara, ƙirjinsa na ciwo. Kuma ba a kaina farau ba: Dakta Gulzar Cheema, haifaffen Indiya, ya shiga wannan majalisa a 1988, ya koma lardin British Columbia ya sake cin zaɓe a 2001, har ya zama ƙaramin minista mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Uwargida, ke ce farko. Kin riƙe gida tun ina karatun jarrabawar lasisi kamar ban taɓa duba marar lafiya a Kano ba, ga shi kin sake riƙewa wata huɗu. Allah ya saka miki da Aljanna.

Ɗalibanmu da suka bi ni gida-gida muna ƙwanƙwasa ƙofa, sanyi na yanka kunne, na gode. Ɗayanku har kare ya kora, ya dawo yana dariya. Abokan aiki da suka karɓar mini aikin dare, akwai bashinku a wuyana. Matan da suka yi ta aiko da waina da miyar taushe ofishin kamfe, Turawan ma sun koyi ci da hannu.

Hajiya, na san kin fi son in zauna a asibiti, amma ba ki fasa yi mini addu'a ba. Burinki ya cika, ranar Litinin ƙarfe takwas ina bakin aiki.