Jaka ko akwati: zaɓen mazubin kayan ɗinki ga mai yawo da su a Kano

Telan da kekensa ke girke a shago, durowar keke da ƙusa biyu a bango sun ishe shi ajiya. Wahalar tana kan wanda kayansa ke fita kullum: ɗalibar da ke zuwa koyon ɗinki daga Ɗorayi zuwa Fagge, matar da ke bin gidaje tana awon amare, mai ɗinkin zanin gado da bargo da ke kai aiki gidan biki ta ƙarasa a can, da mai ɗinkin hula da ke zama yau a wannan majalisa, gobe a waccan. Yawancin asarar da waɗannan ke yi a hanya ake yinta. Almakashi ya dakushe, zare ya yi dauɗa, man keke ya tsiyaye a kan shaddar mutane, kuma in aka bi diddigi sai a tarar jaka ce ta jawo.

Kada a fara da zuwa kasuwa. A shimfiɗa tabarma, a zube duk abin da ake fita da shi, a ware wanda ba a taɓa ba a wata guda a bar shi gida. Sauran sai a auna biyu daga ciki: mafi tsawo da mafi tsayi. Mafi tsawo galibi almakashin yanka ne mai inci 10 ko 12, ko rula. Mafi tsayi kuwa babban ƙullin zare ne, wanda kan kai santimita 11 zuwa 12. A rubuta awon, a tafi kasuwa da tef a hannu. Akwatin da almakashi ba ya kwanciya a cikinsa sai an karkata shi ba naku ba ne, komai kyansa.

Abu huɗu ne ke cin kayan ɗinki a garin nan, kuma su ya kamata su yi wa mutum zaɓi. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana shiga duk inda iska ke shiga. In ta kwanta a kan zare, zaren ne zai ja ta cikin keke, ta haɗu da mai ta zama ƙulli a gidan bobin, wato inda zaren ƙasa ke zama, ɗinki ya fara tsalle. Zafin bazara, Maris zuwa Mayu, yana haura digiri 40, yana busar da roba, yana narkar da gam. Danshin damina, musamman a Agusta, shi ke kawo tsatsa da fumfuna. Na huɗu ba shi da lokaci: girgizar Adaidaita Sahu a kan gargada, da ƙafafun fasinjoji da ke taka duk abin da aka ajiye a ƙasa.

Jakar bakko ita ce kowa ke fara ɗauka, don tana da arha kuma tana cin kaya. Ga yadi da auduga ba ta da laifi. Ga ƙananan kaya kuwa babu abin da ya fi ta muni. Ba ta da ƙashi, komai yana gangarawa gindi ya cakuɗe, tsinin almakashi yana huda ta, zif ɗinta kuma siriri ne, ana cika ta yake buɗe baki. Gwangwanin biskit da iyayenmu ke zuba allura da maɓalli ya fi ta tsare ƙura, amma ƙarfe ne: da damina yana tsatsa ta gefen murfi, in ya faɗi sau ɗaya ya lotsa, murfin ya daina zama. A bar shi ya yi aikinsa a ɗaka.

A ganina, abin da ya fi dacewa da ƙananan kaya shi ne akwatin roba irin na masu gyaran lantarki, mai faranti a sama da rami a ƙasa, mai tsawon inci 14 zuwa 16. Ana samunsa a Kasuwar Sabon Gari, robobi masu murfi kuma an fi samun zaɓinsu a Ƙofar Wambai. Amma roba iri-iri ce. A juya gindin akwatin a duba alamar nan mai kusurwa uku. In an ga lamba 5 ko haruffan PP, robar tana lanƙwasa ta dawo, tana jure faɗuwa. In an ga lamba 6 ko PS, ita ce mai haske kamar gilashi, kyakkyawa a ido, amma tsagewa take yi. In babu alama, a danna bangon da babban yatsa: wadda ta ɗan ba da kai ta dawo ita ake so, wadda ta yi ƙara a ajiye ta.

Daga nan sai maƙalin murfi, wanda nan ne akwati ke fara mutuwa. Mai sandar ƙarfe a ciki ya fi wanda robar kawai aka sirance ta zama maƙali. Makulli ya zama biyu, dama da hagu, domin guda ɗaya a tsakiya yana barin kusurwoyi su ɗaga, ƙura ta shiga. Mariƙin yana jikin murfi, wato duk nauyin akwatin a kan makullan yake rataye. In suka saki a bakin titi, fil da maɓalli sai dai a yi ta tsinta a cikin ƙasa. Kafin a biya kuɗi a roƙi mai kaya ya bari a zuba wani abu mai nauyi, a ɗaga, a girgiza. Akwai gwaji ɗaya da mutane ke mantawa: a duba ko bangayen da suka raba gidajen farantin suna taɓa murfi in an rufe. In akwai rata ko ta rabin santimita ce, akwatin na karkata allura za ta koma gidan maɓalli.

Cikin akwatin ma sai an yi tsari, domin ƙarfe da zare da mai ba sa zama wuri ɗaya. Almakashi a yi masa kube. Ƙyallen jins ninki biyu ya isa, a ɗinke shi daidai tsawon bakin, a ƙara santimita 2, a ninka tsinin sau uku. Kube na fata yana da kyau, dukawan Kurmi kuma suna yinsa yadda ake so, sai dai fatar da aka jeme da bagaruwa in ta sha danshi tana baƙanta ƙarfe, jar fata kuma tana iya zuba a jikin farin yadi. Duk mai son na fata ya sa a yi masa shafi da yadi a ciki. Reza kada ta kwana tsirara; a mayar da ita takardarta ko a saka ta a kwalin ashana.

Allurar keke ta zauna a fakitinta. Dalili shi ne lambar da ke jikinta ƙarama ce ƙwarai, in an zube su wuri ɗaya ba a bambance 11 ta yadi marar nauyi da 14 ta atamfa da 16 ko 18 ta jins da bargo. Ga kuma wani rikicin: allurar keken gida, irin Butterfly da Singer, gindinta a shafe yake ta gefe ɗaya, ta keken masana'anta kuwa gindinta zagayayye ne. In aka musanya, keke ya yi ta tsallake ɗinki ko ya karya allura, a ɗora wa makaniki laifi. Wadda aka fara aiki da ita ba ta ƙare ba, a soke ta a ƙyallen bargo da aka ja wa layi aka rubuta lambobi. Allurar hannu da fil ma ƙyalle mai gashi ya fi musu auduga, domin auduga tana riƙe danshi. Ƙaramin maganaɗisu a manne a gindin gwangwanin fil yana hana su watsewa.

Bobin matsalarsa warwarewa. Goma a leda ɗaya, bayan tafiya biyu sun zama dunƙule. Faɗin bobin ɗin keken gida kusan santimita 2 ne, saboda haka akwatin magani mai gida bakwai, in gidajensa manya ne, yana ɗaukar ɗaya a kowane gida. In babu, a yanka siririn tiyo na roba zobe-zobe, a tsaga gefe, a maƙala a kan zaren. Manyan ƙullin zare kowanne a sa masa ledarsa, a tsayar da su a ramin ƙasa. Akwati mai haske yana sa a ga kaya da sauri, amma kada a bar shi a rana, domin rana tana kashe launin zare, tana raunana shi.

Man keke shi ne abin tsoro. Kwalbarsa tana da dogon baki, zafi yana kumbura iskar ciki ya turo man waje ko murfi na rufe. Hanya mafi aminci ita ce kada a fita da babbar kwalbar: a zuba kaɗan a ƙaramar kwalba mai murfin murɗawa, a naɗe da tsumma, a saka a leda mai zif, a ba ta aljihun waje ita kaɗai. Alli a ajiye shi a robar sabulu da ɗan soso, in ba haka ba gari za a tarar. Ƙananan fakitin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi da kwalbar magani kada a zubar da su. Uku ko huɗu a akwati suna rage tsatsa da damina, kuma shanya su a rana mai zafi yana ɗan farfaɗo da su. A nisanta su da yara. Kafur kuwa yana korar ƙwari, amma warinsa yana kama yadi, kuma ba kowace mai kaya ce za ta yarda da shi a jikin leshinta ba.

Masu ɗinkin bargo irin na haɗa ƙyalle, mai sama da auduga ko faiba a tsakiya da shafi a ƙasa, kayansu sun fi na kowa wuyar ɗauka. Ƙyallayen da aka yanka murabba'i, santimita 10 ko 15, ba sa son cusawa. Gefen da aka yanka a karkace yana miƙewa da ɗan ja, kuma in kowanne ya ƙaru da milimita 2, layi mai ƙyalle ashirin ya goce da santimita 4. Kusurwoyi ba za su haɗu ba. A jera su launi-launi tsakanin kwali biyu da suka fi su faɗi da santimita 2, a ɗaure da tsumma. Waɗanda aka riga aka tsara layinsu a maƙala wa na sama takarda mai lamba. Faifan yanka, wato shimfiɗar robar da ake yanka yadi a kanta, ga masu amfani da wuƙa mai juyawa, dole ya tafi a miƙe: mai santimita 30 da 45 yana shiga jakar kwamfuta babba. In ya lanƙwashe a zafi, ko an jingina shi a bango ko an bar shi a but ɗin mota, da wuya ya koma daidai. Yadi mai gam na wuyan riga ma haka, a naɗe shi, gam ɗin yana ciki, a nisanta shi da zafi.

Bargon da ba a gama ba naɗe shi ake yi. Na gado shida-shida kan kai santimita 230 kowane gefe, don haka a ninka shi uku a tsaye, a naɗe a jikin bututun roba na famfo mai tsawon santimita 80, a zura a tsohuwar rigar filo mai tsawo. Ninki a wuri ɗaya kullum yana karya faiba, ya bar layi. Leda a rufe ruf ba ta dace da ajiyar kwanaki a damina ba, gumi take yi. A sa ta daga waje lokacin tafiya kawai, a cire in an isa. Fil mai kulle da ya haɗe sama da tsakiya da shafin bargon, in zai wuce mako biyu a jiki da damina, a maye gurbinsa da dogon ɗinkin hannu, domin tabon tsatsa a farin shafi wuyar fita gare shi.

Jakar da za ta ɗauki duk wannan, a duba abu uku a jikinta. Zif ya zama lamba 8 ko 10. Lambar tana bayan kan zif ɗin a mafi yawansu, lamba 3 da 5 na riga da siket ne. Igiyar hannu ta zagaye ƙarƙashin jakar, kada a ce a baki kawai aka ɗinka ta. Gindi kuma ya kasance da tauri, ko a yanka filawud siriri a shimfiɗa. Jakar goyo ta fi jaka mai taya a cikin gari: taya ba ta tafiya a yashi da lungunan da ruwa ya ci, ga ƙazantar da take kwasowa zuwa ɗakin mutane.

Wanda zai iya ɗinki ai zai iya yi wa kansa naɗin kayan aiki, wato yadi mai aljihuna da ake naɗewa a ɗaure, kuma shi ya fi dacewa da mai zuwa awo. A yanka kaki ko jins santimita 50 da 45, da shafi daidai da shi daga ragowar atamfa. A haɗa, a juya, a goge. A ninko ƙasa santimita 14 ya zama aljihu, a raba shi da ɗinki: santimita 9 na almakashi, 7 na tef, 4 na biro da sukundireba, ragowar na ɗan littafin awo. Bakin kowane ɗinki a koma baya sau uku, don nan yake fara farkewa. Santimita 8 na sama a bar shi ya rufo kan kayan, a ɗinka igiya mai santimita 70 a gefe ɗaya ta tsakiyarta.

In da keken kansa za a fita, lissafi ya canja. Kan baƙin keke na ƙarfe ya haura kilo 10, jakar yadi ba ta riƙe shi. Akwatinsa na katako ne ko kwando mai ƙarfi da aka shimfiɗa wa soso. A cire allura, a sauke ƙafar danne yadi a kan ɗan ƙyalle, a fitar da bobin da gidansa, a cire zaren sama don kada sandarsa ta lanƙwashe. Keken lantarki a naɗe wayarsa da fedarsa daban a tsumma, kada su yi ta bugun jikinsa. A cikin Adaidaita a ɗora shi a cinya ko tsakanin ƙafafu, a tsaye. Kwantar da shi yana sa mai ya gangaro inda yadi ke bi, saboda haka in an isa a fara taka layi biyu a tsumma kafin a sa kayan mutane.