Inda muka kai da yaran CE2 a kan gano jigon labari

Ƴan'uwa masu koyon aikin koyar da yara karatu, ga inda na kai tun da aka koma makaranta a watan Oktoba. Ajin da aka haɗa ni da shi CE2 ne, wato aji huɗu na firamare, a wata makaranta ta unguwar Zariya nan Maraɗi, a ƙarƙashin wata malama da ta daɗe tana shan ƙurar alli. Abin da na sa a gaba shi ne yaro ya saurari labari, in an gama ya iya faɗin a kan me labarin yake tafiya: abota ce, kwaɗayi ne, haƙuri ne, ko cin amana. Masu nazarin adabi jigo suke ce masa. Yaran ba su san kalmar ba, ni ma ban matsa musu sai sun sani ba tukuna.

A makonnin farko amsa iri biyu kawai nake samu. In na ce "a kan me labarin nan yake?" sai wani ya miƙe ya ɗauko shi tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har ƙurunƙus, bai zubar da ko ɗigo ba. In ba wannan ba, sai a ba ni wa'azi. Na ba su labarin zaki da ɓera, wanda zaki ya kama ɓera ya sake shi, daga baya ɓera ya ciccije ragar da ta kama zaki. Wani yaro ya ɗaga hannu da ƙarfinsa ya ce, "Mushe (wato malam), labarin yana koya mana mu yi biyayya ga iyayenmu." Babu uwa babu uba a labarin nan. Amma yaron ba shashasha ba ne. Ya lura cewa duk inda babba ya ba da labari, a gida ne ko a islamiyya ko a boko, ƙarshensa tambaya ɗaya ce, "wane darasi kuka koya?" kuma akwai amsoshi ƴan kaɗan da ba a taɓa dukan mutum a kansu ba. Shi ya zaɓi mafi tsira a cikinsu.

Saboda haka muka ajiye wannan tambayar gaba ɗaya. Yanzu abin da nake tambaya bayan labari shi ne: wa ya yi wa wa me? Kowa ya rubuta ko ya zana a ɗan allonsa, sannan mu tara a babban allo.

Gatanar da ta fi yi mana aiki ita ce ta Gizo da hankaki. Kowace kaka da yadda take ba da ita, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. Ana yunwa a gari. Hankaki suna da wani ɓaure a tsakiyar gulbi inda babu mai iya kaiwa sai mai fiffike. Gizo ya yi ta roƙo da daɗin bakinsa har kowane hankaka ya fige gashi ɗaya daga jikinsa ya ba shi, aka liƙa masa, ya tashi tare da su. Da aka sauka a kan ɓauren, duk ɗan da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani, ya tsinke ya jefa a burgaminsa. Hankaki suka gaji, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi a tsakiyar ruwa.

Muka jera ayyukan a allo. Gefen hankaki: sun gaya masa inda abinci yake, sun ba shi gashi, sun tafi da shi, sun karɓe gashinsu. Gefen Gizo: ya roƙa, ya karɓa, ya hana, ya hana, ya sake hanawa. Da yaran suka ga jerin nan a tsaye gabansu, ban ma tambaya ba wani ya ce "kwaɗayi!" Wata yarinya daga teburin tsakiya ta ce a'a, labarin abokai ne da suka ɓata. Nan na kafa doka ɗaya, wadda har yau ita ce ke riƙe da ajin: duk wanda ya faɗi abu, sai ya nuna mana inda ya gan shi a cikin labarin. "Nuna mini a ina." Yanzu su da kansu suke jefa wa juna ita, har a wajen wasa.

Gardamar da ta biyo baya ta fi duk abin da na shirya. Wani ya ce hankaki ba abokan Gizo ba ne, maƙwabta ne kawai suka ji tausayinsa. Yarinyar nan ta ce mutum ba ya fige gashin jikinsa ya ba wanda ba abokinsa ba, akwai zafi. Wani ɗan ƙarami, wanda ba kasafai yake magana ba, ya ce in da abokai ne na gaske da ba su bar shi a tsakiyar gulbi ba, ai sun san bai iya ruwa ba. Ko da sun yi fushi sai su kai shi gaɓa tukuna sannan su ƙwace gashin. Aji ya kaure. Wasu suka ce Gizo ne ya fara, wasu suka ce wanda ya fara daban, wanda ya bar mutum ga kada daban. Malama tana zaune a baya tana gyaran littattafan rubutu, sai na ga ta ajiye bironta tana saurare. Da aka tashi ta ce mini, "Malam, kada ka raba musu gardamar nan, bar su su kwana da ita."

A ganina duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma haka na gaya musu washegari. Labari ɗaya yana iya ɗaukar jigo biyu, kwaɗayi da abota, tunda kowanne an nuna shi da yatsa a cikin labarin. Abin da ba zai shiga ba shi ne wanda aka shigo da shi daga waje, irin biyayyar iyaye a labarin zaki. Wannan bambancin, tsakanin amsa mai shaida da amsa mai daɗin ji, shi ne ainihin abin da nake koyarwa, jigon abota ƙofa ce kawai.

Na kuma lura cewa labarin da aka rubuta "abokai biyu" a kansa ba ya koya musu komai. Sun ga kalmar, sun maimaita, an wuce. Wanda ya fi amfani shi ne wanda ba a ambaci abota ko sau ɗaya ba, ko kuma wanda abotar ta karye a cikinsa. Labarin biri da kada ya yi kyau a nan: biri yana jefo wa kada ƴaƴan itace kullum, har ranar da kada ya ɗauke shi a bayansa zuwa tsakiyar ruwa ya ce zuciyarsa ake so, biri ya ce ai ya baro ta a kan itace. Da muka ajiye shi kusa da na Gizo, wata ta ce, "Mushe, wanga ma shi ne dai, amma babu hankaki." Ranar ce na tabbata sun fara gane cewa jigo abu ne da yake tashi daga wani labari ya sauka a wani, ko da dabbobin sun canja. Daga nan muka manna takardu a bango, kowace da sunan jigonta, duk sabon labari sai aji ya yanke a ƙarƙashin wace za a rubuta shi. Tatsuniyar ruwan Bagaja ta samu gida biyu, haƙuri da kishi.

Duk wannan da Hausa muke yi. In na juya zuwa Faransanci, yaran da suke neman cinye juna da gardama sai su koma kalma ɗaya ɗaya. Koyarwa da Hausa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan ta Nijar: tun 1973 aka fara gwada koyarwa da harshen gida a Zinder, kuma tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ni dai tsarina shi ne a yi tunanin da Hausa har ya nuna, sannan a ƙarshe mu ɗauki jimla ɗaya mu mai da ita Faransanci, don jarrabawa tana nan tana jiransu.

Wani abu ya faɗo mana ba shiri. Akwai yara biyu a ajin, ɗaya Bafillace ɗaya Babarbare, kullum suna tsokanar juna da irin maganganun da suka ji manyansu suna yi, amma ƙuli-ƙulin dala biyar tare suke raba shi. Wata ta tambaya ko waɗanda suke zagin juna abokai ne. Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Wasan nan na tsakanin ƙabilu da na taubasai, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, ya ba mu misalin da babu littafin da zai ba mu. Gizo bakinsa zuma, aikinsa cuta. Waɗannan biyun bakinsu barkono, amma ranar da ɗaya ya yi zazzaɓi ɗayan ne ya kai masa jakarsa gida. Tun ranar, in muna jera shaida a allo, yaran suna raba abin da mutum ya faɗa da abin da ya aikata, kuma sun san wanne ya fi nauyi.

Na ba su aikin gida kowa ya samo gatana wajen kakarsa. Wani ya gargaɗe ni cewa wanda ya yi gatana da rana ɓacewa yake yi; muka yi yarjejeniya cewa cikin aji ba ya cikin lissafi. Da yawa ba tatsuniya suka kawo ba, labarin fim ne da suka kalla a wayar yayyensu. Na karɓa. Tambayar "wa ya yi wa wa me" tana aiki a kan fim kamar yadda take aiki a kan Gizo, kuma ban ga dalilin korar yaro da labarin da yake hannunsa ba.

Abin da bai daidaita ba har yanzu yana da yawa. Ajin cike yake, uku uku har huɗu a tebur, kuma masu baki ƙalilan ne suke cinye lokacin. Na fara sa kowane tebur ya tattauna a tsakaninsa kafin a ɗaga hannu, sannan ni nake zaɓen wanda zai faɗa da bakin teburin. Ya ɗan taimaka, amma na baya can har yanzu ƴan kallo ne. Rubutu ma matsala ce ta daban. Yaron da zai kare ra'ayinsa da hujja uku a baki, in ka ce ya rubuta jimla ɗaya sai ya tsaya yana tauna bironsa. A yanzu na yarda da zane: ya zana wurin da ya ga jigon, ya rubuta kalma ɗaya a ƙasa.

Sai kuma sabuwar cuta. Tunda sun ga ina murna in an ce abota, yanzu ita ce ta gaji biyayyar iyaye: kowane labari abota. Na gwada su da gatanar da Gizo ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace tana zaton da Gizo take ja, nan ma hannuwa suka tashi da "abota". Dokar nuna-mini-a-ina ce ta cece mu, don da aka nemi wurin aka rasa, sai wani ya ce wayo, wani ya ce yaudara. Saboda haka daga nan zuwa hutu na cire abota daga jerin gaba ɗaya, zan bi da su ta kan tsoro da kishi da rowa. Na kishi ina da su da dama, tatsuniyoyin kishiyoyi ba sa ƙarewa. Na tsoro ne nake nema, wanda ba Dodo ne kawai ya fito ya cinye mutum ba, wanda tsoron ne ya sa wani ya aikata abin da ya juya labarin. Wanda yake da irinsa cikinku, musamman ku da kuke koyarwa wajen Tibiri da Madarumfa inda tsofaffi ba su daina gatanar dare ba, ya taimaka mini da shi kafin a koma.