Zuwa Molo, gonakin furen da ke kashe sauro

Tsakanin Nairobi da Nakuru kusan kilomita 160 ne, kuma gara a yi sammako kafin manyan motoci masu zuwa Uganda su cika titi. Ƙaramar bas ta haya muka shiga, wadda suke kira matatu. Bayan Limuru hanya ta bi gefen tsauni, ana hango kwarin Rift shimfiɗe can ƙasa, sannan ta gangara ta Naivasha da Gilgil. Masana'antar tace pareto (pyrethrum), wato furen da ake samun maganin kashe sauro da sauran ƙwari daga gare shi, a Nakuru take, amma gonakin suna can sama. Sai muka canja mota, muka bi ta Njoro da Elburgon har Molo, garin da ya ɗara teku da kusan mita 2,500. Da hantsi ma sai da rigar sanyi.

Wannan sanyin shi ne jarin manoman pareto. Tsiro ne da bai cika wuce gwiwa ba sai idan ya ɗaga fure, ganyensa tsage-tsage mai ruwan toka, furensa fari tas, tsakiyarsa rawaya. Asalinsa gabar tekun Kuroshiya ne, a ƙarshen shekarun 1920 ya shigo Kenya. Ƙasar ta daɗe tana kan gaba a duniya wajen nomansa, kafin jinkirin biyan manoma da fitowar magungunan da aka haɗa a masana'anta su durƙusar da harkar, Tasmaniya ta Ostareliya ta karɓe kambun. Maganin da ake sa wa gidan sauro, kwaikwayon dafin wannan furen ne aka yi. Shi kansa tsiron ba zai yi a Kano ko Maraɗi ba: sai ya samu makonni a jere cikin sanyi sannan yake ɗaura toho, a wuri mai zafi kuwa ganye kawai zai yi ta yi.

A gonakin da muka zaga, ba iri aka fi shukawa ba. Tsohon gindi mai lafiya ake tonewa a tsattsaga, kowane tsagi da saiwarsa. A datse saiwar ta rage kamar santimita 10 zuwa 15, a aske kan, a dasa a farkon damina. Santimita 60 tsakanin layi da layi, 30 tsakanin tushe da tushe, wato wajen tushe 55,000 a hekta. Kowane rami cokalin shayi guda na takin zamani mai fosfat da ake kira TSP, a gauraya da ƙasa don kada ya ƙone saiwa. Saiwar a miƙe take shiga, ba a lanƙwashe ba, sannan a danne ƙasar da kyau. Idan aka binne wuyan tsiron zai ruɓe, haka ma idan ruwa na kwanciya a gonar. Idan taki mai sa ganye ya yi yawa, fure ne ke raguwa. Bayan wata uku zuwa huɗu ake fara tsinka.

A wajen tsinka na fi daɗewa ina kallo, don a nan ake cin riba ko a tafka asara. Masana'anta ba nauyi kaɗai take dubawa ba, ƙarfin dafin da ke cikin busasshen furen take aunawa, wanda bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, kuma kusan dukkansa yana cikin 'yan ƙwayoyin da ke ƙarƙashin rawayar tsakiyar nan. Furen da ya isa tsinka shi ne wanda fararen ganyensa suka baje sosai, kuma layi biyu ko uku na gefen rawayar suka buɗe. Wanda bai kai ba ba shi da nauyi, wanda ya wuce har ya sunkuya ƙarfinsa ya fara raguwa. Shi ya sa ake zagaya gona duk mako biyu. Da babban yatsa da manuniya ake murɗe kan furen shi kaɗai, ban da kara, don kara nauyi ne marar dafi da ke rage darajar kaya. Ba a tsinka da raɓa. Kuma kwando mai shan iska ake zubawa, don idan aka danna ɗanyen fure a buhun leda zai yi gumi ya ɗau zafi, dafin ya lalace kafin a isa gida.

Shanya kan raga ake yi, a ɗage daga ƙasa, a baza ba kauri, a riƙa juyawa. Kilo huɗu na ɗanye ke ba da kamar kilo ɗaya. Ya bushe idan aka murza shi ya marmashe.

Da rani ake aske tsofaffin karare da lauje don sabon toho ya fito. Bayan shekara uku ko huɗu a tumɓuke gonar gaba ɗaya a shuka alkama ko masara, saboda tsutsar da ke sa saiwa ƙulle-ƙulle tana taruwa a ƙasa. Tsagin da aka ɗebo daga gona mai wannan cuta shi ke kai ta sabuwar gona, don haka a duba saiwa tun kafin a saya.

A hanyar komawa Nakuru mun yi ta wuce buhunan busasshen fure a bayan babura. Abin da ya rage bayan an tace, shanu ake ba wa. Mai lambu kuma yakan ajiye kaɗan daga busasshen furen don feshin lambunsa: a daka ya yi laushi, giram 20 a lita 10 na ruwa, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a tace da ƙyalle, a fesa a ranar. Da yamma liƙis ake fesawa, saboda hasken rana na kashe ƙarfinsa da wuri, kuma a lokacin ƙudan zuma sun koma amya, don su ma yana kashe su. Wurin daka a rufe hanci da baki. Ragowar ruwan da na wankin famfon feshi kada su kusanci rafi ko tafkin kifi, kaɗan ya isa ya kashe kifi.