Shirin GMAT tsakanin sallar asuba da buɗe ofis

Ma'aikacin da ke son yin digirin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a manyan makarantun kasuwanci na Turai ko Amurka da wuya ya kauce wa jarrabawar neman shiga ta GMAT, ko takwararta GRE. Ni GMAT na zaɓa. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani a Wuse, gidana kuma a Mararaba yake, kuma duk wanda ya san yadda hanyar Keffi zuwa Abuja take cushewa safe da yamma ya san inda lokacina yake tafiya.

Abin da na fara yi shi ne sanin siffar jarrabawar a yau, domin ta sauya. Hukumar GMAC mai shirya ta ta fito da sabon tsari a ƙarshen 2023, tsohon kuma ya kau a farkon 2024. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar karatu da auna hujja mai tambaya 23, sai nazarin bayanai mai tambaya 20. Maki yana tashi daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki har shekara biyar. Wani abokin aiki ya kawo mini littattafansa na tsohon tsari cike da leda, na gode masa ƙwarai, amma babin gyaran jimla da na rubuta insha'i da na lissafin siffofi duk an cire su daga jarrabawar. Wanda bai bincika ba zai iya kashe wata guda a kan abin da ba za a tambaye shi ba.

Kafin in karanta ko shafi ɗaya, na zauna wata Asabar na yi jarrabawar gwaji ta kyauta da ke shafin mba.com, da agogo, ba tsayawa. Ina ba kowa shawarar ya fara da wannan ko da gabansa na faɗuwa. A nan na ga ashe ba ilimin lissafin ne ya gudu ba, hannu ne ya mutu. Mu da muke wuni a kan Excel mun saba kwamfuta ta yi mana komai, a sashen lissafi kuwa babu na'urar lissafi ko kaɗan, sai a sashen nazarin bayanai ake ba ka ita a kan allo. Kusan minti biyu kake da shi a kan kowace tambaya. Jarrabawar kuma tana bin sawunka: ka amsa daidai ta ƙara tsanani, ka kuskure ta sassauta, makinka kuma ya bi ta. Barin tambayoyi ba amsa a ƙarshen sashe yana da nasa hukuncin.

Sai babbar matsalar, lokaci. Da yamma, bayan na tashi aiki na sha cunkoson Nyanya, abin da ke isa gida gangar jiki ce kawai. Karatun dare na iya yi wa ɗalibi, amma ni ban ga amfaninsa ba. Na yanke shawarar cewa jarrabawar nan ba za ta ci ragowar ƙarfina ba, farkonsa za ta ci. Ina idar da sallar asuba nake kama hanya, kafin motoci su yi yawa. Ina isa ofis gari bai gama wayewa ba, maigadi ya buɗe mini, in shiga ɗakin taro da fulas ɗin shayina da littafin rubutu. Waya tana cikin jaka. Daga nan har ma'aikata su fara shigowa, babu imel, babu mai kirana, ga wuta, ga shiru. Lokacin da a da nake ƙonawa a cikin mota shi ne ya koma lokacin karatu, ban ƙwaci komai daga wurin aiki ko iyali ba.

Na sanar da ogana tun da wuri. Na ce masa, "Yallaɓai, ina shirin wata jarrabawa, za ka riƙa ganina da sassafe a ɗakin taro, amma aikinka ba zai taɓu ba." Ya ce Allah ya taimaka, ya ƙara da cewa ƙarshen wata, lokacin rufe lissafi, ba ya son jin zancen jarrabawa. Gaskiya ya faɗa, kuma na tsara karatuna a kan haka: makon rufe lissafi bita kawai nake yi, ba na ɗaukar sabon babi.

Nau'in tambayar da ta fi kama zuciyata ita ce wadda ba a neman ka fitar da amsa, sai dai ka faɗi ko bayanin da aka ba ka ya isa a fitar da ita. A ce ana tambayar ribar da ɗan kasuwa ya ci a cinikin shinkafa. Bayani na farko: ya sayar da buhu 40. Na biyu: ribar kowane buhu kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin da ya saya. Na farko shi kaɗai bai isa ba, na biyu ma haka. Hannu zai yi ƙaiƙayin haɗa su ya fara ninkawa, amma ko an haɗa ba su isa ba, tunda ba a faɗi nawa ya sayi buhun ba. Amsar ita ce bayanin bai wadatar ba, kuma wanda ya gane haka cikin daƙiƙa talatin ya tsira da lokacinsa. A nan ne ma'aikaci ya fi sabon ɗalibi, in ya lura. Sau nawa ake kawo mana takarda a ce mu sa hannu, mu ce a dawo da ita domin babu rasit? Tunanin ɗaya ne. Haka sashen auna hujja: a ba ka ɗan sakin layi inda wani ke cewa ciniki ya ƙaru saboda talla, a ce ka nemo abin da zai raunana maganarsa. Wanda ya taɓa zama a taron kasafin kuɗi ya san irin tambayar da ake yi wa mai wannan da'awa.

Abin da ya fi littattafan duka amfani a wurina shi ne wani ɗan littafi mai bangon kwali da na saya a kasuwar Wuse. Duk tambayar da na faɗi, ko na ci da sa'a, nakan rubuta ta da dalili: ban san ƙa'idar ba, ko na yi gaggawar karatu, ko lokaci ya ƙure. A shafin farko akwai wannan: farashi ya hau da kashi 20, sannan ya sauka da kashi 20. Ido yana cewa ya koma inda yake. Naira 100 ta zama 120, kashi 20 na 120 kuwa 24 ne, saura 96. Da shafuka suka taru sai na ga yawancin asarata daga gaggawar karatu take, ba daga rashin sani ba, sai na rage yawan tambayoyin da nake yi a zama ɗaya na ƙara lokacin bitarsu.

Zumunci ne ya fi jin jiki. Asabar a Abuja ranar ɗaurin aure ce da ziyara, ni kuma safiyar Asabar nake yin cikakken gwaji. Uwargida ce ta warware mini. Ta ce, "Baban yara, ka riƙe safiya, mu kuma ka bar mana bayan azahar, amma kada in ga littafi a hannunka." A kan haka muke har yau.

Kuɗin rajista da dala ake biya, kuma ya haura dala 250, don haka ba jarrabawar da za a shiga don gwada sa'a ba ce, ko da yake an yarda a maimaita bayan kwana 16. Ana iya yin ta a gida ta intanet, amma ni cibiyar jarrabawa na zaɓa, domin ba zan jingina sa'a biyu da kwata a kan wutar unguwarmu ba. Sunan da ka yi rajista da shi kuma dole ya dace da na fasfonka harafi da harafi. Makarantu da yawa suna rufe zagayen farko na karɓar takardu a wajen Satumba, na biyu a Janairu, saboda haka daga can na lissafo baya, na bar sarari na sake zama idan ta kama. Ranar jarrabawar kuwa ba zan tsayar ba sai makin gwajina ya zauna sau biyu a jere a inda makarantun da nake nema suke ɗauka.