Injin karanta faifan CD: yadda nake zaɓa wa masu saye a Yamai

Shagona ƙarami ne, a gefen kasuwar Katako, kuma gyaran ampili da lasifika shi ke ciyar da ni. Amma ina da wasu abokan ciniki ƴan kaɗan, yawancinsu dattawa masu tarin faifan CD tun na shekarun 1990, waɗanda ba sa wasa da sauti. Su ne ke sa ni odar injin da aikinsa karanta faifai kawai. Shi ba ya fitar da kiɗa da kansa. Lambobin da ke kan faifan yake ɗebowa ya tura wa wani akwati daban, DAC, ta wayar coaxial mai ohm 75 ko ta wayar haske, can ne suke zama sauti.

Tun da Philips da Sony suka fito da CD a 1982 ma'aunin adana sauti a kansa bai canza ba, bit 16 ne da 44.1 kHz. Injin jaka ɗari uku da na miliyoyi lambobi iri ɗaya suke karantawa. Bambancin yana wajen riƙon faifai, da rage girgiza, da daidaiton agogon da ke tura lambobin a kan lokaci.

Esoteric na Japan yana da tsarin VRDS, wanda ke danne faifan gaba ɗaya don kada ya yi rawa yana juyawa. Aiki ne na gani na faɗa, nauyi kamar buhun siminti, kuɗinsa kuma sai mai hali. CEC, shi ma na Japan, da bel na roba yake juya faifai domin girgizar motar lantarkin da ke cikin injin kada ta isa ga ido, wato ƴar fitilar laser da ke karanta faifan. Ta sama ake buɗe shi, ka ɗora faifai da hannunka, ka aza masa marfi mai nauyi. Wannan na fi so, domin bel abu ne da zan iya canzawa, idon kuma yana fili, ina isa gare shi ba tare da na kwance rabin injin ba. Cambridge Audio CXC da Audiolab 6000CDT su ne masu sauƙin kuɗi, na farko da faranti mai fitowa, na biyu zura faifai ake yi ta tsaga.

Sai dai Yamai tana da nata sharaɗi. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan ido, zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 ya busar da man da ke cikin injin, ga wuta mai hawa da sauka. Duk wanda na sayar wa sai ya haɗa da regilata, kuma ina duba bayan injin da kyau, domin na kasuwar Japan volt 100 yake ci, mu kuwa 220 muke da shi.

Idan mai saye ya nuna mafi tsada, nakan ce masa: “Alhaji, ranka ya daɗe, bari in fara tambaya ko ana samun idonsa.” Philips ya daina ƙera CD-Pro2, wato ɓangaren ciki mai juya faifai da karanta shi, wanda manyan injuna da yawa suka dogara da shi, saboda haka tsohon inji mai wannan ciki sai da idon ajiya nake yarda in kawo shi. In kuma DAC ɗin gidansa mai rauni ne, can nake ba shi shawara ya fara zuba kuɗinsa, mu ɗauki injin matsakaici, ya zo da faifan da kunnensa ya saba da shi mu gwada a shago kafin ya biya.